Ranar da Aka Wanke Tsakuwar Mai Agogo

Akwai wani mugun hali da ya yi yawa a cikin mutane, amma ba a lissafa shi cikin miyagun halaye, domin yakan zo ne sanye da rigar taimako. Shi ne mutum ya ga abin da bai fahimta ba, ya yanke hukuncin cewa a lalace yake, ya sa hannu ya gyara, ba tare da ya tambayi mai abin ba. Ɓarawo ya san ɓarna ya yi, shi ya sa yake ɓuya. Wannan kuwa, da ya gama ɓarnar, tsayawa yake yana jiran godiya. A ganina ya fi ɓarawo haɗari, domin da hannunmu muke miƙa masa makulli.

Mai Agogo ya shekara talatin a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana kwance agogon hannu yana ɗaurawa. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, idonsa na dama kuma ya fara yana, sai ya rufe shagon. Sunan ne kaɗai ya biyo shi gida.

A bayan gidansa, tsakanin bangon kicin da katanga, akwai fili mai taku goma. Nan ya kafa tankuna biyu na roba ya zuba kifin karfasa. A samansu, bisa katako, ya jera kwami huɗu cike da tsakuwa, ya dasa latas da tumatir da alayyafo, babu ƙasa ko kaɗan. Wani ƙaramin famfo ne ke ɗauko ruwan kifin ya zuba cikin tsakuwar, ruwan ya tsiyaye ya koma tanki.

Wajibi ne a fahimci abu ɗaya a nan, domin a kansa komai ya rataya. Kashin kifi guba ne ga kifi. Abin da ke hana gubar kashe su shi ne wani yauƙi mai launin ƙasa da ke lulluɓe tsakuwar. A cikinsa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zaune, suna juya gubar ta zama takin shuka. Shuka ta tsotse, ruwa ya koma garau. Wato abin da ya fi komai kama da ƙazanta a wurin, shi ne yake tsabtace wurin. Kuma sai an yi wajen mako shida ana jira kafin ya kama tsakuwa.

Shekara bakwai Mai Agogo ya yi yana zaɓen iri. Karfasa ba ta son sanyi. Idan ruwa ya ɗau sanyi wasu kan daina ci, wasu su mutu. Shi kuwa yakan ware waɗanda suka jure, ya haɗa su da masu saurin girma, har ya samu irin da babu kamarsa a hannun kowa a unguwar. Wannan irin shi ne aikin rayuwarsa na biyu.

Matarsa takan tsokane shi. “Maigida, da na san masu shiru kake so, da tuni na koma cikin tankin nan.”

“Bismillah,” in ji shi, “amma sai kin iya kwana goma ba ki buɗe baki ba.”

Ba da wasa kaɗai ya faɗa ba. Uwar karfasa takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe. Idan ya ga wadda haɓarta ta kumbura da ƙwai, yakan ɗauke ta ya sa a baho cikin ɗakin ajiya, don kada sauran su dame ta.

Yana da wa, tsohon duba-gari, wanda ya shekara talatin da biyar yana shiga gidajen mutane yana leƙa randa da kwata. Ya yi ritaya daga aikin, amma aikin bai sake shi ba. Duk zuwansa sai ya toshe hanci.

“Kai, da ina bakin aiki, da tuni na rufe wannan kwatamin naka.”

“Yaya, ba kwatami ba ne. Zauna minti biyar in nuna maka yadda yake.”

“Ni za ka koya wa datti? Ni da na share maka majina?”

Shekara bakwai, bai taɓa zama minti biyar ɗin ba.

Da lokacin aikin idon Mai Agogo ya zo, aka ce zai kwana biyu a asibiti, matarsa kuma za ta zauna jinya. Duba-gari ya ce shi zai tsare gida. Ƙanin ya miƙa masa gwangwanin abincin kifi da makulli.

“Cikin wannan gwangwani, safe da yamma. Don girman Allah, Yaya, kada ka taɓa komai bayan wannan.”

“To, likitan kifi, na ji.”

Ya ji, amma ga abin da ya yi. Ya kashe famfo. Ya cire shukokin a hankali ya jiƙa a bokiti. Ya kwashe tsakuwar kwami huɗu ya baza a kan leda, ya goge ta da burushi da sabulu da bilic, ya ɗauraye sama-sama, ya mayar, ya sake dasa shukokin. Ya zubar da rabin ruwan tanki ya cika da ruwan famfon gari kai tsaye, ruwan da ƙaninsa kan ajiye kwana biyu a rana sai maganin da ke ciki ya fita. Ba na musun cewa ya sha wuya. Aikin yini biyu ne ga ɗan shekara saba'in. Amma wuyar da aka sha wajen cin amana ba ta mayar da ita riƙon amana.

Da rana tsaka Mai Agogo ya dawo, ido ɗaya ɗaure da bandeji. Tun daga ƙofar gida warin bilic ya tare shi. Ya tarar da kifayen sun taso sama suna haki, wasu sun riga sun juya ciki.

“Yaya, me ka yi?”

“Dubi tsakuwar nan! Fara fat! Buɗe ɗayan idon ka sha kallo.”

Likita ya hana shi sunkuyawa, ya hana shi ɗaukar nauyi. Ya sunkuya, ya ɗauki bokiti, shi da matarsa suka yi ta kwashe kifi zuwa duk mazubin da ke gidan. Bai yi amfani ba. Kafin kwana uku babu ko ɗaya mai motsi daga tankunan. A ranar ta uku ne, karo na farko a rayuwarsa, ya ɗaga wa wansa murya.

“Ka kashe su! Na ce kada ka taɓa!”

“Da ma masu ciwo ne,” in ji Duba-gari. “Wa zai zauna cikin wannan ƙazanta ya yi lafiya?”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaman da ya biyo baya. Kawunsu, wanda shi ne babba a dangi, ya kira su. Ba wanda ya yi ɓarna aka tuhuma ba. Wanda ya ɗaga murya aka tuhuma.

“Ba yayanka haƙuri,” in ji Kawu. “Kifi ne fa, ba mutum ba. Kuma da kyakkyawar niyya ya yi.”

A auna wannan magana. Rashin sani ba laifi ba ne. Kowa da abin da bai sani ba. Laifin shi ne an yi maka tayin sani shekara bakwai ka ƙi, an gindaya maka sharaɗi ka amsa, sannan ka jira mai abu yana kwance ido a ɗaure ka karya. Niyyar da ba ta iya tambaya, ba niyyar taimako ba ce. Niyya ce ta nuna cewa kai ne mai gaskiya tun farko.

Mai Agogo ya ce, “Kawu, na ɗaga murya, kuma na ba da haƙuri. Shi ma ya faɗi kalma uku: ban sani ba.”

“Ni ne ban sani ba?” Duba-gari ya miƙe ya zura takalmi. “Wallahi an ga rashin godiya!”

Abin da ya tsira ɗaya ne: uwar da ke cikin baho a ɗakin ajiya, da ƙwai cike da baki. Duba-gari bai shiga ɗakin ba, don bai san akwai abin wankewa a ciki ba. Da 'ya'yanta Mai Agogo ya sake farawa. Sanyin farko ya ɗauke rabinsu, ya ware waɗanda suka jure, kamar yadda ya yi shekara bakwai da suka wuce.

Idon da aka yi wa aiki bai washe ba. Sunkuyawar ranar nan ta ɓata shi. Yau da na hagu yake duba ruwa. Da wansa gaisuwa ce kawai idan taron dangi ya haɗa su, inda har yanzu Duba-gari ke ba da labarin yadda ya taɓa share wa wani gida ba a gode masa ba. Ƙofar filin kifin kuwa an sa mata kwaɗo, makullin yana rataye a wuyan Mai Agogo da igiya. Tsakuwar ta sake yin duhu, kifayen suna ci.