Jan Biron Uwar Taga

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe tagar ɗakin magani na asibiti, ta goge kantar da take miƙa magani a kai, ta jera kwalaye, sannan ta zaro jan biro daga aljihun farar rigarta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka. Ba likita ba ce, mai miƙa magani ce. Marasa lafiya Uwar Taga suke ce mata, wasu da ƙauna, wasu da ƙwafa.

Laifinta ɗaya, ba ta iya miƙa magani kai a sunkuye ba. Duk wanda ya zo karɓar ƙwayar ƙwannafi, mai rage tsamin ciki, sai ta ɗiga masa ja a bayan kati, kowane wata ɗigo ɗaya. In ɗigo ya kai uku mutum bai daina dafe ƙirji ba, sai ta riƙe ƙwayar ta hau tambaya. Layi ya tsaya, a yi ta tsaki.

Ranar da wani tela ya kawo katinsa karo na uku, wuyan rigarsa ta fara kallo. Shi ya ɗinka wa kansa, amma ta yi masa yawa, alamar ya rame.

Ta ce, "Ƙanena, kafin abinci kake sha kuwa?"

"Yadda kika ce nake yi, Yaya. Ƙirjin ne kamar an zuba garwashi. Yanzu ko burodi sai na kora da ruwa yake wucewa. Ke dai ba ni ƙwayata, na bar ɗinkin mutane a kan keke."

"Ɗinki ya jira."

Ta rufe taga, ta sa shi gaba har ofishin likita. Likita ya haɗe rai, ya ce, "Ke kika rubuta maganin nan ko ni?"

"Kai ne, likita, har sau uku. Ni wuyan rigarsa na gani."

Da ƙyar aka tura shi gwajin da ake zura bututu mai kyamara ta baki. Sai ga tsiro a hanyar abinci, bai riga ya bazu ba. Aka yi aiki aka cire. Tela na nan da ransa, yana taka kekensa.

Ita kuwa takardar gargaɗi aka ba ta, wai ta rufe taga minti arba'in a lokacin aiki. Irinta biyar ta tara, kowace da ran mutum a bayanta, kuma su suka hana ta ƙarin girma. Waɗanda ta koya wa karanta rubutun likita suka zama shugabanninta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya ci mata rai, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Makon jiya ta yi ritaya. Aka raba lemo mai ɗumi, shugaba ya karanto sunanta ba daidai ba. Lambar yabo ta tafi ga wanda ke sallamar mutum ɗari uku a yini. Ita agogon bango aka miƙa mata, don ko a gida ta riƙa tuna lokacin da ta ɓata musu. Ana cikin tafi sai ga tela, ba wanda ya gayyace shi. Ya tsaya gabanta, ya ɓare burodi, ya gutsura, ya haɗiye.

"Yaya, duba. Ba ruwa."

Nan ne ta yi kuka.

Uwar Taga, ke ce kika ɗaga kai lokacin da kowa ya sunkuyar. Ke ce kika gane cewa ƙwannafin da ya ƙi jin magani tambaya yake nema, ba ƙarin ƙwaya ba. Ba duka ne tsiro ba, ke ma kin sani, amma ba ki yarda a yi canki-canka da ran mutum ba. Mun gode. Allah ya biya ki abin da asibiti ya hana ki.

Ku da kuka gaje tagar, ku yi koyi da ita, ku ɗaga kai. Bironta na nan kan kantar inda ta bar shi, ba wanda ya taɓa. Jiya akwai wata mata a layinku, ta dafe ƙirji, bayan katinta ɗigo biyu ne. Wa zai ɗiga na ukun?