Ƙashin Rijiyar 'Yargoje

A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo har ƙauye, ina koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Ƙanƙara. Na sayi babur kamar kowa, na ɗinka kaftani biyu na shadda, gajiyata kuwa ba ta ragu da komai ba. Ɗalibai na zana kogunan da ba za su taɓa gani ba, iyayensu na tare ni a kasuwa suna tambayar yaushe za a sallame su su shiga aikin kamfanin hanya.

Ana tsakiyar rani wani dattijo mai haƙar rijiya ya zo daga 'Yargoje nemana. An gaya masa ni ne malamin da ke tara duwatsu a kabad. Ya ce yana haƙa a bakin fadama, ya wuce baƙar laka, ya kai gaba bakwai, sai digarsa ta daki wani abu a cikin tsakuwa.

"Malam, shekarata talatin ina shiga ƙasa," in ji shi. "Na tono tukwane, na tono kunkuru da ranshi. Irin wannan ban taɓa gani ba."

Na goya shi a babur muka tafi. Na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar tsamiya, an kwantar da abin, an lulluɓe shi da zane. Ƙashi ne guda ɗaya, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna, launinsa na jar ƙasa, nauyinsa ya kusa na dutsen niƙa. Na karanta labarin irinsa a littattafai, ƙasusuwan halittun da suka shuɗe suka fara komawa dutse, amma ban taɓa sa hannu a kan ko ɗaya ba. Kafin in iso gari ya riga ya yanke hukunci: cinyar ɗaya daga mutanen farko ce, waɗanda aka ce tsawonsu ya kai na giginya. Har an aika kasuwa sayen alawayyo.

Limamin garin tsoho ne marar hayaniya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce a ganina na dabba ne, wataƙila giwa, ina roƙon a ba ni in kai makaranta.

"Malam, ka tabbata?"

Na ce ban tabbata ba.

"To ka gani. In na dabba ne muka rufe, mun yi asarar yadi biyu. In na ɗan Adam ne muka bari yara na wasa da shi a kabad, mi za mu ce ranar da aka tambaye mu?"

Daga bisani sai ya sassauta. Ya ce ya ba ni Juma'a uku. In na kawo masani ya duba da idonsa ya ce dabba ce, in ɗauka in tafi. In ban kawo ba, za a yi masa sutura.

Na rubuta wa ma'aikatar ilimi wasiƙa da Turancina na ranar salla. Juma'a biyu suka wuce ba amsa. Sai na ji labarin wani abokin karatuna ya zo gida Faskari. Tare muka yi kwalejin horon malamai, shi ya zarce jami'a ya karanta ilimin duwatsu da halittun da ke binne a cikinsu. Na same shi a zaure, akwatuna a ɗaure. Wani kamfanin mai ya ɗauke shi aiki a kudu, gobe da safe mota za ta zo.

Ya duba zanen da na yi da awon da na rubuta, ya daɗe yana kallo. Na ga tsohon ɗalibin da na sani ya leƙo ta idonsa, ya koma.

"Ƙasarmu tsohon dutse ce, ba ta ajiye ƙashi," in ji shi. "In har fadama ta ajiye wannan, abin dubawa ne. Ba ma ƙashin ba, ƙasar da ya kwanta a ciki, ita za ta faɗi shekarunsa."

"To tashi mu je. Kafin la'asar na dawo da kai."

Maimakon ya tashi sai ya buɗe jaka ya ciro wani ɗan gilashi, a kansa wasu ɗigo-ɗigo kamar garin gero. Ya ce waɗannan ma halittu ne, na tsohon teku, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Su ke nuna wa masu haƙa inda mai yake. Duk wanda ya gama karatunsu a bana can ya nufa, kuma nan da shekaru can ilimin zai karkata gaba ɗaya, don mai ba doki dusa shi ke riƙe da linzami.

"Manyan ƙasusuwa fa?" na tambaya.

"Suna da kyau a hoto. Wa zai ba ka mota da ma'aikata ka je ka tone su? Ka bari in zo hutu bayan damina."

"Liman bai ba ni damina ba. Jibi ne."

Ya yi dariya, ya ce har yanzu ina nan da naci irin na aji. 'Yan'uwa na ta shigowa sallama, kowa da addu'arsa, ban ga ta inda zan janye shi daga cikinsu ba. Ya yagi takarda ya rubuta cewa mai yiwuwa ƙashin giwa ne ko wata dabba mai kama da ita, ya sa hannu. Ban ji haushinsa ba. Da ni aka aiko wa motar, ban san abin da zan yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na fassara wa Liman takardar. Ya saurara har ƙarshe.

"Ya ce mai yiwuwa?"

"Haka ya ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ai ni ma mai yiwuwar gare ni. Shi kuma bai ko gani ba."

Aka naɗe ƙashin a alawayyo, mutum biyu suka ɗauka. A gefen maƙabarta aka haƙa masa, ba a yi masa salla ba, Liman ya ce shakka ba ta kai nan ba. Aka jera itace, aka zuba ƙasa, ni ma na zuba tafi uku, tunda ina tsaye a wurin. Na ƙirga taku daga wata kuka zuwa kabarin na rubuta a littafina, ko wani zai tambaya wata rana. Ba wanda ya tambaya, kukar ma an sare ta.

Da za mu watse mai haƙar rijiya ya rako ni wajen babur. Ya riga ya gama aikin, an ɗaure rijiyar da siminti tun daga ƙasa har baki, mata na ta ɗiba.

"Malam, akwai abin da ban gaya maka ba," in ji shi. "Da ɗan'uwanshi a bangon rijiyar, da wani mai kama da haƙori. Na shafe su da siminti."

Na tambaye shi dalili.

"Na ga yadda guda ɗaya ya wahalshe ka."

Na ce ya kyauta, na ta da babur. Washegari ina da aji biyu da safe, ban kuma duba aikin gidansu ba.