Isiyaku Mai Zomaye

Yayana Isiyaku shi ne na farko a gidanmu da ya bar goro. Tun kakanni, nan Zongon Wagadugu, goro muka sani. Shi kuwa bayan samun 'yancin kai ya samu aikin kiwon zomaye a wani laburatuwar, inda likitoci ke gwada magunguna a kansu. Aka ba shi farar riga. Wayyo, rigar nan! Har gidan suna yake zuwa da ita, kamar shi ne likitan.

Yana son dabbobin nan tsakani da Allah, kuma son ne ya kashe su. Da zafi ya tsananta ya ga dusarsu ta bushe ƙayau, sai ya yi mata abin da Baba ya koya mana da goro: ya yayyafa ruwa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya tura lungu mai duhu. Goro na son haka, dusa kuwa funfuna ta yi. Zomaye suka ci, suka shaƙa, suka fara faɗuwa.

Likitan, wani marar imani, ya sa Isiyaku ya riƙe kowane zomo ana tsagawa. Funfunar ta bi jini ta kama naman zuciya, fari-fari, ɗigo-ɗigo. Likitan ya ce masa, "Regarde! Duba! Aikinka ne." A bakin ƙofa aka tuɓe masa rigar, ya dawo gida da singileti.

Zongo ba ta yafe irin wannan. Mata suka ce goron gidanmu na sa zuciya funfuna. Babban yayanmu Boukari ya hana shi taɓa huhun goro, ya hana shi ko zama a rumfa. Shekara da shekaru, in ya wuce sai ka ji, "Dokotoro, ya majinyata?" Bai taɓa ramawa ba. Ni nake rama masa, har muryata ta dushe.

Isiyaku ya rasu kafin gwamnati ta rushe mana unguwar Zongo. Ciwon zuciya, in ji asibiti. Ina daga ɗaki ina jin maza a tsakar gida suna haɗa ruwan wankan gawa, sai Yaya Boukari ya ce, "Ku rage masa ruwa, kada ya yi funfuna."

Wallahi dariya suka yi. Har liman sai da ya yi tari don ya ɓoye tasa.