Sai Tanti Ta Zauna Yake Tashi

Jama'a, yau Tanti Hadiza, yayar mamata, ta zama mai gyaran ordinater, wato kwamfuta!

Jiya na kwance ordinater ɗina na tebur, na share ƙura, na canza disk, na mayar da komai. Da safe na danna buton, shiru. Ga memwar ɗin ƙanwata Rakiya a ciki, wato kundin kammala karatunta, ƙarfe huɗu za ta kai wa malaminta. Na sake kwancewa, na sake haɗawa, shiru. Rakiya ta fara kuka.

Sai ga Tanti daga unguwar Banifandou ta zo gaisuwa. Ta ja kujera kusa da tebur ta zauna. Nan take ekran ya kawo haske!

Ta miƙe za ta duba, ya mutu. Ta zauna, ya tashi. Har sau uku.

Rakiya ta ce, "Tanti, don Allah kar ki motsa."

Tanti ta ce, "Na daɗe ina faɗa muku ni ba ta wasa ba ce. A kawo min shayi."

Minti arba'in tana zaune muna buga takardu. Da na leƙa ƙasa, ashe ƙafar kujerar ce ke danne wayar kuran da ta tsinke ta ciki, da Tanti ta zauna sai wayar ta haɗe, wutar lantarki ta wuce. Na faɗa mata. Ta ce baƙin ciki nake yi.

Ta riga ta baza labari. Yanzu haka maƙwabcinmu Isufu direba na tsakar gida, yana roƙon ta zo ta zauna a taksinsa da ta ƙi tashi tun jiya. Tanti na neman takalminta.