Baba Anya da Ƙafar Surukinsa

Shagona na gyaran talabijin manne yake da nasa na gyaran takalma, bangon falanki ne kawai tsakaninmu. Tun ina da baƙin gashi muke tare, amma har yau in na ce masa hadari ya haɗo sai ya fito ya ɗaga kai ya duba da kansa. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layinmu. Baba Anya kowa ke ce masa, don duk abin da ka faɗa masa amsa ɗaya ce: anya kuwa?

Ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. In ka miƙa masa takalmi sai ya kife shi, ya bi tafin da babban yatsa, ya leƙa ciki, sannan ya gaya maka inda kake yawan zuwa, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Wani lokaci ya dace, sau da yawa ya shirga shirme, amma wanda ya dace kaɗai yake tunawa. Da wannan hali ya kori masu kawo aiki ba adadi, ba don ɗinkinsa ba ya kwancewa ba da tuni ya rufe shagon. Tawa sana'ar kuwa ba ya ganin ta da gashi. A wurinsa akwatin ƙarya nake gyarawa, 'yan fim kuma mutane ne da suka mai da yaudara abin ci. Ya sha faɗin haka a gaban kowa, har da iyalinsa.

Mutum ɗaya ce bai taɓa yi wa anya ba, 'yarsa Auta. Tun da mahaifiyarta ta rasu ita ke kawo masa kular abinci kullum da rana, ko bayan ta yi aure ba ta fasa ba. Yana ci tana share guntayen fata, tana yi masa faɗan ya rage zargin mutane. Shi kuma sai murmushi, kamar ba shi ba.

Mijinta Dogo ɗaukar katako yake yi a wani sito. Da ya zo neman Auta, Baba Anya bai tambayi asalinsa ba, takalminsa ya karɓa ya duba. Ya ce tafin ya cinye daidai wa daida, irin na mai ɗaukar kaya wanda in ya tashi aiki gida yake nufa. A kan haka ya ba shi 'yarsa. Daga nan kuma bini-bini Dogo ya kawo takalmin a sake masa tafi.

Sai aka ɗauki lokaci bai kawo ba. Ni ko a jikina, amma Baba Anya yana lura. Ranar da Dogo ya zo a ɗinke masa bakin takalmin da ya ɗan buɗe, tsohon ya ba shi silifas ɗin roba da yake ajiye wa masu jira, ya kife takalmin, ya daɗe yana kallo. Tafin nan garau yake kamar jiya aka sa shi. Dogo na tsugune yana gaishe shi, wandonsa ya ɗage, sai ga ƙwauri an aske shi tas, yana ƙyalli da mai, ga wasu zane-zane sun sarƙe daga idon sawu zuwa gwiwa kamar an ɗaɗɗaure shi da igiya.

Ta cikin falankin nake jin komai. Baba Anya ya ce masa mai ɗaukar katako ba ya barin tafi haka, sai dai in cire takalmin yake yi ya wuni babu shi.

"A ɗakin wa kake cire shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, wallahi babu wata."

Tsohon ya jefa takalmin ƙarƙashin benci, ya ce nan zai zauna a matsayin shaida, kuma kada ya ƙara taka masa shago sai ya zo da gaskiya a bakinsa. Haka Dogo ya tafi gida da silifas ɗin roba, rabin dunduniyarsa a ƙasa.

Washegari Auta ta zo da kula kamar kullum, amma ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta ce ta san inda mijinta yake wuni, halal yake nema, shi ne dai ya roƙe ta kada ta faɗa tukuna.

"Baba, ni ce fa nake gaya maka. Ka yarda da ni."

Ya dube ta, ya ce, "Anya kuwa?"

Na so in fasa falankin in toshe masa baki. Ta ajiye kular a hankali ta fita, ba ta ko leƙo ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Bayan wani lokaci muka ji Dogo ya karye a ƙafa. Na ce wa Baba Anya mu je dubiya. Ya ce me zai duba, ai mijin matar ne ya rutsa shi ya dira ta katanga, shi ya riga ya gama lissafinsa. Ni kaɗai na je, kuma su ma ba su gaya mini komai ba, don sun san bakina ba ya riƙe magana. Baba Anya ya koma cin burodi da ruwa a shago. Da rana ta take sai ka ji gudumar ta yi shiru, in na leƙa in same shi yana kallon ƙafafun masu wucewa. In ya gan ni sai ya ce ƙusa ce ta faɗi yake nema. Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, na rasa wanne ya fi.

Shekara ta zagayo da ɗoriya. Wata rana na gama gyara wata babbar talabijin, na sa mata wani sabon fim da aka tura mini don in gwada kala. Irin na tatsuniyoyin Girkawan da ne, allolinsu na can saman dutse suna rigima, wani jarumi mai garkuwar tagulla yana ta sara, dodanni na fitowa daga teku. Baba Anya ya tsaya a bakin ƙofata da takalmin wani a hannu, ya zo yi mini tsiya. Ya ce dubi ƙartin banza da ɗan guntun buje, ko kunya ba sa ji. Daidai lokacin wani ƙaton dodo mai ido ɗaya ya kai wa ganuwar birni duka, sojoji masu hular ƙarfe suka riƙa zubowa ƙasa. Sai Baba Anya ya yanke tsiyar, ya nuna hoton da yatsa.

"Mai da shi baya."

Na mayar. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya sa na tsayar da hoton. Fuskar ɗaya daga cikin sojojin tana cikin hular ƙarfe, ba a ganin ko gemu. Shi kuwa ƙafar yake kallo. Takalmin fata ne mai igiyoyi da suka sarƙe har gwiwa, babban yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi, dunduniyar ta ɗan karkace waje. Ya ce ƙafar Dogo ce, ko a cikin duhu ya shafa ta zai gane ta.

Don in kwantar masa da hankali na ce ai duk dabara ce, katifa ake shimfiɗawa a ƙasa, babu wanda ke jin ciwo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ce mini komai na akwatin nan ƙarya ne, ranar shi ya girgiza mini kai. Ya sa na sake mayarwa, ya nuna mini yadda sauran suka faɗo a kan bayansu, wannan kuwa a kan ƙafa ya sauka, ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Ya ce babu mai iya yin wannan da gangan.

Ya koma shagonsa. Na ji yana jan abu daga ƙarƙashin benci. Ya fito da takalmin Dogo ya karkaɗe ƙurar, ya zuba guduma da zare da gam da yankan roba a jaka, ya ce in rufe shago in raka shi.

Auta ce ta buɗe mana. Ta gaishe shi a tsaye, a taƙaice. Da na ambaci fim ɗin sai ta zayyana mana komai, idonta a kaina, ba a kan ubanta ba. Siton katako rufe shi aka yi. Wasu baƙi masu shirya fim a wani tsohon wurin fasa dutse can bayan gari suna neman dogayen maza, suka ɗauki Dogo. Kullum da safe ya tuɓe takalminsa ya ɗaura nasu, a shafe shi da mai, ya hau ganuwa ya faɗo, ya sake hawa. Ta ce da wane baki zai gaya wa surukin da ke kiran 'yan fim mayaudara cewa buje yake sawa yana ciyar da 'yarsa.

Dogo ya fito daga ɗaki yana ɗingishi, ƙafar hagu ta warke amma ta gajarce. Ya yunƙura zai tsuguna. Baba Anya ya ce ya zauna a kujera, shi kuma ya durƙusa a gabansa ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa. Dogo ya ruɗe, yana ta cewa Baba don Allah ka tashi. Tsohon bai kula shi ba. Ya gwada ƙafafun biyu, ya yanka roba ya jera a tafin hagu, ya manna, ya ɗinke, ya goge gefen har ba ka gane an ƙara tsayi. Auta na jingine da ƙofar kicin.

Da ya gama ya sa masa da hannunsa, ya ce ya taka a gani. Dogo ya je bango ya dawo, kafaɗunsa sun daidaita. Ya ce ya yi daidai, Allah ya saka da alheri.

Baba Anya ya dubi ƙafar, sannan ya ɗago ya dubi fuskarsa. "Anya kuwa?"

Dogo ya sake takawa. "Yana ɗan matse ni a yatsa, Baba."

"To cire," in ji tsohon. "Da ka faɗa mini tun farko."

Auta ta shiga kicin. Muna jin ta tana buɗe kabad tana rufewa, sai ta leƙo ta tambaye ni ko tsohuwar kular nan tana shagon har yanzu.