Ranar da Na Katse wa Malam Gaisuwa

Kamfaninmu ɗaki uku ne a saman wani bene a Tudun Wada, ƙasa kuma tela ne da mai sayar da katifa. A allon da muka kafa a bakin titi, mu masu samar wa makarantu da ofisoshi fasahar zamani ne. A aikace kuwa, rabin aikina shi ne in ce wa mutum ya kashe na'urarsa ya sake kunnawa, sauran rabin in tambaye shi ko akwai wuta a unguwarsu. Sai mutum ya gama rantsuwa cewa kwamfutarsa ta mutu murus, sannan ya tuna tun asuba aka ɗauke musu.

Gwajin wata uku aka ɗauke ni, aka zaunar da ni a teburin amsa waya. In na yi abin kirki a ba ni takardar tabbatar da aiki. In ban yi ba, in koma zaman da na shekara biyu ina yi bayan bautar ƙasa, wato gadin gida da amsa wa 'yan'uwa tambayar "har yanzu shiru?" Wannan zaman na fi tsoro fiye da komai.

Manajanmu ɗan unguwar Tudun Jukun ne, amma ya daɗe yana aiki a Legas, ya dawo mana da saurin tafiya da ciwon duba agogo. Shi ya sa mana wata manhaja mai ƙirga tsawon kowane kira. In ka sallami mutum cikin minti uku, gaban sunanka ya yi kore a babban allon da ke bango. In ka wuce, ya yi ja, kowa na gani. Ya kuma faɗa mini ƙarara cewa da wannan allon za a yanke hukuncin takardata.

To, duk wanda ya ƙirƙiro manhajar nan bai taɓa gaisawa da Bazazzagi ba. Minti uku a wurinmu ai ba a fita daga gajiya ba. Sai an tambayi kwana, an tambayi iyali da aiki, an taɓa ruwa in damina ce, sannan a dawo a sake tambayar gajiyar ko ta sake shawara. Kuma kai ƙarami ba ka isa ka ce wa babba ya shiga magana ba, shi zai gaji don kansa ya ce, "To, dama firintar nan ce."

Abokiyar aikina, wata 'yar kudu haihuwar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi tawa gishiri, ita ta samo dabara. Takan haɗe gaisuwar gaba ɗaya cikin numfashi guda, ta amsa wa kanta: "Ina kwana Alhaji an tashi lafiya ya iyali madalla me ya samu firintar?" Ita ana yafe mata, har dariya ake yi. Ranar da na gwada, wani Alhaji ya tambaye ni a wane gida aka rene ni.

Wanda ya fi kowa jefa ni cikin ja shi ne Malam. Dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa a harabar jami'a ta Kongo da ke nan garin, yana zaune a Hanwa, mu muka sa masa intanet a gida. Yana rubuta wani littafi da ya ƙi ƙarewa, kuma duk sati sai kwamfutarsa ta ɓoye masa babi guda, sai mun bi mun gano shi a inda shi da kansa ya ajiye. Gaisuwarsa kaɗai takan ci minti biyar, don har Innata yakan tambaya, ko da yake bai taɓa ganinta ba. Ina son mutumin, amma da na ga lambarsa sai in ɗaga kai in kalli allon bango.

Ana saura sati guda gwajina ya cika, gaban sunana ya yi jawur kamar an watsa masa manja. Manaja ya kira ni ofishinsa.

"Kai, ba gidan suna aka ɗauke ka ba," ya ce. "Sallama, matsala, magani, sai an jima. Satin nan in ga kore, in ba haka ba ni ma ba yadda zan yi da kai."

Na ce, "To, Oga."

Washegari da hantsi sai ga kiran Malam. Manaja na tsaye a bayana yana shan shayi.

"Salamu alaikum, ɗana."

"Wa alaikumus salam, Malam. Mece ce matsalar yau?"

Ya maimaita kalmar a hankali.

"Matsala kuma? To, ba komai. Bari dai sai an kwana biyu."

Ya kashe. Ko minti ɗaya bai cika ba, allo ya yi kore shar. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce ashe ina iyawa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, har da 'yar taƙama na sauka cin abinci ranar.

Da safe abokiyar aikina ta shigo ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce ta biyo ta Hanwa a adaidaita-sahu, ta ga rumfa da tabarmi a ƙofar gidan Malam, ta sauka ta tambaya.

"Matarsa ce ta rasu, yau kwana huɗu. Ba jiya ya kira ka ba? Bai gaya maka ba?"

Ta ina zai gaya mini? Dattijo irin Malam ba zai buɗe baki ya ce an yi masa rasuwa ba. Jira yake ka ce "ya iyali," shi kuma ya ce "sai haƙuri," daga nan magana ta fito. Ni kuwa na toshe masa wannan ƙofar don allon bango ya canza launi. Kunyar da ta kama ni ranar ban taɓa jin irinta ba.

Wayar tebur na ringi na sauka daga benen, ban nemi izinin kowa ba. Na samu Malam a kan tabarma cikin tsofaffin abokansa. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, na tambayi haƙuri, ya amsa, ya tambayi Innata da aiki da gajiya. Ko kusa bai ɗauko zancen jiya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ina zaune wayata ta yi ƙara. Manaja ne. Na koma gefe na gaya masa inda nake da dalili. Ya yi salati, ya ce Allah Ya jiƙanta, ya ce in miƙa gaisuwarsa kafin ya zo da yamma. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka bar tebur ba izini. Takardarka sai wani watan, in mun ga hali." Haka kuwa aka yi, sai da na ƙara wata guda ina zaman ɗar-ɗar kafin a ba ni, kuma ban taɓa jin haushin wannan watan ba.

Da mutane suka ɗan ragu, Malam ya ja ni ɗakin karatunsa. Ya ciro tsohuwar wayarsa daga aljihu, duk ta sha faɗuwa, an ɗaure bayanta da roba.

"Wannan ce ta fara mutuwa da kanta," ya ce. "Yara sun sayo mini sabuwa. To, akwai saƙonnin murya da Hajiya takan turo mini, an ce in an canza waya suna iya ɓacewa. Ka ga ai ba maganar da zan yi da 'ya'yana ba ce. Shi ne jiya na ce bari in tambayi ɗana na kamfani."

Aiki ne mai sauƙi. Na jona wayar da kwamfutarsa, na kwashe su duka, na ƙara ajiye wasu a wani wurin daban saboda na san halinsa da ɓatar da babi. Ya ce in gwada ɗaya mu tabbatar sun shiga. Na danna wanda hannuna ya faɗa a kai, sai ga muryar Hajiya.

"Malam, in za ka dawo ka biya kasuwar Tudun Wada ka sayo mini kuɓewa. Ɗanya na ce, ɗanya. Kada ka zo mini da busasshiya ka ce ba ka ji ba."

Malam ya yi dariya har kafaɗunsa na motsi. Sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon taga.

"Busasshiyar na kawo mata," ya ce. "Sake sa mini."