Inda Aka Binne Sale Tela

Duk wanda ya nuna maka kabarin Sale Tela a maƙabartar ƙauyenmu, ɓata maka lokaci ya yi. Ba ya ciki. Na san an shafe wurin da siminti, an kafa allon ƙarfe da sunansa, kuma duk kakar zaɓe motoci na tasowa daga Kurfi da Dutsin-Ma, manya su fito da babbar riga, su ɗaga hannu a ɗauke su hoto. Wanda ke kwance a wurin dai ya tsinci addu'a a sama. Amma ba Sale ba ne.

Sale wan kakata ne, Inna Kulu. Tela ne da ya shiga siyasar farko, lokacin da tsayawa takara a ɓangaren adawa ke nufin ka shirya shan duka. Iyakar abin da aka gaya mana a gida ke nan.

Muna yara, a ƙauyenmu kusa da Tamawa, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun Inna. Takan tura kara biyu a wuta, ta binne gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafa. Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba a mako ba ta maimaita ta ba, har ta ishe ni.

"Inna, yau ma zakaran nan?"

"Yau ma shi, uwar gaggawa. In kin ƙoshi ga hanya nan, a raba gyaɗarki."

Sai in zauna.

Wai a wani gari, gari ba ya wayewa sai Sarki ya ce ya waye. Ko rana ta kai tsaka, in bai ba da izini ba, kowa na ɗaki yana cewa dare ne. Sai wani zakara ya hau danga, ya ga haske, ya yi cara. Aka kama shi aka fige. Gashi ya fito, ya sake hawa. Aka sake figewa. A na uku bai tashi ba. Sarki ya ce ƙasar garinsa ba za ta karɓi gawarsa ba. Sai tsofaffin kaji uku suka ɗauke shi suka fita bayan gari, ƙanwarsa 'yar tsako ta bi su a ɓoye tana ƙirga taku.

A nan Inna ke tafa hannu, mu amsa tare kamar karatun allo: "Daga rijiya a dubi gabas, taku saba'in. A bar aduwa a dama, taku tara. A tsaya, a yi sallama."

Shi ke nan fa. Babu wanda ya rama, Sarki bai ji kunya ba, zakara bai farfaɗo ba.

"Wannan ai ba ta da ƙarshe," in ji ni.

"Ke dai maimaita min ƙirgen."

Ina aji huɗu a sakandare a Dutsin-Ma aka kafa allon nan. Na zo hutu da labarin a bakina, ina zaton Inna za ta yi murna. Dariya ta yi har da tari.

"Wa suka lulluɓe da siminti? Allah ya jiƙansa ko wane ne. Tudun da ya fi girma suka zaɓa, ko?"

"To in ba nan ba, ina yake?"

"Babanmu ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan nuna wa kowa ba. Kuma ban nuna ba." Ta dube ni ta gefen ido. "Amma ke kam kin ji ya fi sau ɗari. Kunnenki ne na ado."

Na ɗauka rikicin tsufa ne. Na tashi na tafi kitso.

Bara Inna ta rasu. Watan jiya Kawu Lawal, babban ɗanta, ya tara mu ya ce an samu mai sayen gonarta ta bakin hanya, zai yanka filaye. Na raka shi duba iyaka don a san rabon mahaifiyata. Muna isa na ga tsohuwar rijiyar da ta rufta, na hango aduwa ta gabas da ita, sai na ji bakina yana ƙirga da kansa. Na yi saba'in, na wuce aduwar da nisa, na faɗa gonar maƙwabci. Na tsaya haushi ya kama ni. Sannan na tuna wadda ta yi ƙirgen 'yar tsako ce, yarinya da ba ta kai shekara goma ba. Na koma rijiya na rage taku. Saba'in, ga aduwa a damana. Tara, ga ni a wata kusurwa da ciyawa ta cinye, da duwatsu a jere, bakin fasasshiyar tukunya kuma ya leƙo daga ƙasa.

Na yi sallama. Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

"Kawu, me ya sa ba a noma nan?"

"Inna ce ta hana. Ta ce ƙasar ba ta da kyau."

"Gero ya fi ƙarfi a gefenta fiye da ko'ina. Wan Inna ne a nan."

Ya daɗe yana kallon duwatsun. Shi ma a murhun nan ya girma, na ga leɓensa na motsi.

"Ke, kada ki ɗauko mana magana. In 'yan siyasar nan suka ji, gobe motoci ne a gonar nan, mai saye kuma ya gudu."

"In ba su ji ba kuma, a haƙa masa masai a ka?"



Na daɗe ina tunanin me ya sa ta zaɓe mu, yara masu rigimar gyaɗa. Yanzu ina ganin ba ta da wata ma'ajiya. Manya an tsorata su sun yi shiru har suka manta. Yaro kuwa in ka ba shi abu da waƙa, ko ya so ba zai yar ba. Shekara sittin da wani abu tana riƙe da rantsuwarta da kuma wanta a lokaci guda, ba ta saki ko ɗaya ba.

Ni ban dafa Alƙur'ani ba. Masu hoto kuma ba zan gaya musu ba, su ci gaba da simintinsu. Ranar Alhamis masu awo za su zo. Gobe da safe zan je wurin liman da mai unguwa in ce a cire kusurwar nan daga ciniki, a lissafa ta cikin rabon mahaifiyata, na riga na tambaye ta ta yarda. In Kawu ya ƙi, zan ɗauki tabarma in shimfiɗa a gindin aduwar, duk mai son ja igiyar awo ya fara ɗaga ni.